Na Rungumi Fata Nagari, Yau Ban San Ko Ni Wane Ne Ba

Wannan wasiƙa ta zo mana daga wani mai karatu. An taƙaita ta, an kuma cire duk abin da zai sa a gane shi.

"Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, ina da mata da 'ya ɗaya. Shekara uku da suka wuce ina aikin albashi wanda raina ba ya so, sai na faɗa sauraron masu zaburar da mutane a intanet, daga nan na shiga wata ƙungiya tasu. Abin da aka koya mana shi ne, duk abin da ka ƙudurta a ranka shi zai zo maka, kada ka bar mummunan tunani ya kwana a zuciyarka, kuma ka nisanci masu kashe gwiwa. Kullum da safe sai in tsaya gaban madubi in ce ni mai nasara ne. Tsakani da Allah abin ya taimake ni da farko. Na daina jin tsoron magana a cikin jama'a, na rage zaman banza.

"Sai na ajiye aikin, na haɗa abin da na tara da bashin da yayana ya ba ni, na buɗe kasuwanci. Matata ta ce in fara gwada shi a gefe kafin in bar aiki, ban ji ba. Daga baya ta riƙa tambayata lissafi, na ce mata mai mugun fata ce, na hana ta sake yi min maganar. Ni kaina na daina buɗe littafin lissafin, don duk lokacin da na duba sai gabana ya faɗi, mu kuma an ce mana wannan faɗuwar gaba ita ke korar arziki. Wata biyar ke nan da na rufe kasuwancin. Yayana bai sani ba, in ya kira sai in ce komai lafiya lau. Jagoran ƙungiyar ya ce shakkar da ke zuciyata ce ta jawo, da kuma zama da mai kashe gwiwa a gida. Matata ba ta taɓa cewa 'ai na faɗa maka' ba, ta dai yi shiru, shirun nan kuma ya fi komai ci min rai.

"Barci ya ƙaurace min. In na tsaya gaban madubi sai in ji ƙarya nake yi wa kaina. Ni na da matsoraci ne, ni na yanzu kuma ashe na bogi ne. Malam, tunanina ne ya kashe kasuwancin nan? In daina kyakkyawan zato gaba ɗaya? Ta yaya zan gano ainihin kaina? Daga ƙaninka."

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ɗaukar wannan nauyi. Wanda ya yi wata biyar yana cewa lafiya lau alhali cikinsa yana tafasa, ya gaji fiye da yadda na kusa da shi suke zato. Na ji daɗi da ka zauna ka faɗi abin yadda yake, ko da ga baƙo ne irina. Tambaya uku ka yi, zan fara da wadda take hana ka barci.

A'a, tunaninka bai kashe kasuwancinka ba. Kasuwanci yana mutuwa ne idan kuɗin da ke fita suka rinjayi masu shigowa har jari ya ƙare. Ko an sayo kaya da tsada, ko masu saye ba su kai yadda aka zata ba, ko bashi ya yi yawa a hannun mutane, ko haya ta cinye riba, ko an riƙa ci daga uwar kuɗi. Ɗaya daga cikin waɗannan, ko biyu, ko uku, su ne suka same ka, kuma suna nan kwance a littafin da ka rufe. Ba a kanka farau ba. A Amurka, inda hukuma ta daɗe tana bin diddigin wannan, alƙaluma sun nuna kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba ya wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Duk mutanen nan sun buɗe ƙofa ne da yaƙinin za su yi nasara, domin babu mai zuba dukiyarsa a abin da ya san zai rushe. Da yaƙini kaɗai ya isa, da ba a ga irin wannan adadi ba.

Ka dubi yadda aka gina maganar jagoranku. In ka ci riba, koyarwarsa ce ta yi aiki. In ka faɗi, kai ne ka yi shakka. Ta kowace fuska shi ya fita, kai kuma ka kwana da laifi. Wannan tunani ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Ya samo tushe a Amurka tun ƙarni na 19, sannan ya bazu a duniya bayan wani limamin coci mai suna Norman Vincent Peale ya wallafa littafinsa a kan ƙarfin kyakkyawan tunani a 1952. Abin da ya fi sosa min rai game da shi shi ne yadda yake yi wa marasa lafiya, a ce wa mai jinya ciwonsa ya ƙi tafiya ne don bai ƙarfafa zuciyarsa ba. An gwada wannan. A 2007, James Coyne da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 1,000 masu ciwon daji na kai da wuya, suka ga yanayin zuciyar majinyaci, walwala ko damuwa, bai nuna wanda zai fi daɗewa a raye ba. Kwanciyar hankali tana sauƙaƙa wa mai jinya kwanakinsa, wannan babu musu, amma ba ta narkar da ƙari. Haka nan ba ta biyan kuɗin haya.

Sai dai in na tsaya a nan, na ha'ince ka. Akwai abin da ya faru da hannunka, kuma kai da kanka ka rubuta shi: ka rufe littafin lissafi, ka rufe bakin matarka. Faɗuwar gaban da kake ji in ka buɗe littafin nan, labari take kawo maka. Idonka ya ga lambobi, hankalinka ya gane ba su daidaita ba, jikinka ya sanar da kai. A lokacin akwai sauran damar rage kashe kuɗi, ko canza kaya, ko rufewa da wuri da sauran jari a hannu. Koyarwar da aka yi maka ta sa ka ɗauki mai gargaɗi a matsayin maƙiyi. Kuma korar tunani ba ta ma yiwuwa yadda suke faɗa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya ce wa ɗalibai su yi minti biyar kada su tuna da farar dabbar nan beyar, duk wanda ta faɗo masa a rai ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, sai tunanin ya dawo musu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Abin da ka danne da rana shi ne yake tashinka da tsakar dare.

Tambayarka ta biyu, ko ka daina kyakkyawan zato gaba ɗaya, ita ma amsarta a'a ce. Fata nagari lamiri, kuma ba maganar banza ba ce. Wanda ya yi imani ƙoƙarinsa zai iya sauya wani abu yakan sake gwadawa bayan ya faɗi, yakan nemi magani in ya ji ciwo, yakan riƙe zumunci, yakan tashi da safe ya fita nema. Wani bincike da aka fitar a 2019, wanda ya bibiyi mutum sama da 70,000 a Amurka tsawon shekaru, ya ga waɗanda suka fi kyakkyawan fata sun fi tsawon rai da kimanin kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari idan aka gwada su da waɗanda suka fi ƙarancinsa. Binciken bai tabbatar da cewa fatan ne da kansa ya ƙara musu kwana ba, wani ɓangare na bambancin ya biyo ta yadda suke kula da jikinsu. Amma wannan ma darasi ne: fata yana aiki ne ta hannun mai shi. Kai ma shaida ne. Ba madubi ne ya cire maka tsoron magana a cikin jama'a ba. Ƙwarin gwiwar da ka samu ya sa ka miƙe ka yi magana sau ɗaya, ka ga ba ka mutu ba, ka sake yi, har harshenka ya saba.

Fata nagari kamar ruwa ne a kwaɓin siminti. In babu shi ba abin da zai kama, in kuma ya yi yawa ginin ba zai tsaya ba. Wata masaniya Bajamushiya, Gabriele Oettingen, ta shafe shekaru tana nazarin inda iyakar take, kuma abin da ta gano ya shafe ka kai tsaye. Ta raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai sa rai da ke tsaye a kan hujja, kamar mutum ya ce na taɓa yin irin wannan, na san hanyarsa, ina ganin zan iya. Akwai kuma mafarkin ido biyu, inda mutum ke zama yana hango kansa ya riga ya isa. A wani nazari da ita da Doris Mayer suka wallafa a 2002, sun bibiyi ɗaliban da ke gab da gama jami'a. Bayan shekara biyu, masu sa rai bisa hujja sun fi samun aiki. Waɗanda kuwa suka fi yawan hango kansu a kujerar babban ofis, su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu ma ya fi ƙasa. Dalilin da ta bayar shi ne, zuciya in ta ɗanɗani daɗin nasara a mafarki sai ta saki jiki, kamar an riga an gama aikin.

Maganar madubi ma kada ka zargi kanka a kanta. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo da ke Kanada ta sa mutane su riƙa maimaita cewa su abin so ne. Waɗanda da ma suna ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda kuwa suke ganin kansu ba komai ba, wato waɗanda aka fi yi wa tallar wannan dabara, sai suka ƙara jin ƙunci. In ka faɗa wa zuciyarka abin da ta san ba haka yake ba, sai ta tashi kawo maka hujjojin ƙaryata ka. Jin da kake yi cewa ƙarya kake yi a gaban madubi alama ce ta cewa hankalinka lafiyarsa ƙalau. Ka bar wannan tsayuwar. In kana son abin da za ka faɗa wa kanka da safe, ka zaɓi wanda zuciyarka ba za ta iya musu da shi ba: kasuwancina ya rushe, ana bina bashi, ina da lafiya da sana'ar hannu da iyali, yau kuma ga abu ɗaya da zan yi.

Ka kuma ba wa kanka izinin yin baƙin ciki, domin ka yi rashi na gaske. Addininmu bai taɓa neman mutum ya yi murmushin dole ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma a daidai wannan hali ne ya umarci 'ya'yansa su koma su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Hawaye da sa rai da tura mutane nema, duk a zama ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kyautata zato ga Allah daban yake da cewa zuciyarka ce ke juya duniya. Na farko yana sauke wa bawa nauyi, na biyu kuwa yana ɗora masa abin da ba a halicce shi ya ɗauka ba.

Yanzu mu zo ga matarka, domin a ganina ita ce wadda ta fi cancantar a fara da ita. Ka tsaya a matsayinta na ɗan lokaci. Albashin da ka ajiye, da shi ake ciyar da ita da 'yarta. Haɗarin da ka ɗauka nata ne kamar yadda yake naka, amma ba a ba ta ta cewa ba. Shawarar da ta kawo, a gwada a gefe kafin a bar aiki, ita ce wadda duk wani gogaggen ɗan kasuwa zai ba ka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sakamakon da ta samu shi ne sunan mai mugun fata daga bakin mijinta. Shirun da take yi yanzu zai iya zama tausayi, ba ta son ƙara maka ciwo. Zai iya zama rauni, an hana ta magana ta hanu. Zai iya zama tsoron gobe. Mai yiwuwa ma duk ukun ne. Kai ka rufe ƙofar, kai ne za ka buɗe ta.

Ka nemi lokacin da yarinya ta yi barci, ka ajiye waya, ka ce mata a fili: kin faɗi gaskiya, na ƙi ji, na kuma kira ki da sunan da ba ki cancanta ba, ki yafe min. Kada ka haɗa da "amma". Daga nan ka tambaye ta me ta gani a lokacin da kai ba ka gani ba, sai ka yi shiru ka saurara har ta gama, ko da abin ya yi ɗaci. Wataƙila ba za ta sake da kai a daren farko ba, kada hakan ya sa ka ce ai ka yi naka. Kuma kada ka mayar da ita mai lallashinka, ita ma tana da nata kukan. Idan ka ga bakinka ba zai iya furtawa ba, ka rubuta mata a takarda ka miƙa mata da hannunka, ka zauna kusa har ta karanta. Bayan haka ku buɗe littafin nan tare. Ku fitar da abu uku a rubuce: nawa ake binka, me ya rage na kaya ko kayan aiki da za a iya sayarwa, nawa gida ke buƙata a wata. Mutumin da ba shi da adadi a hannu, tsoronsa ba shi da iyaka.

Yayanka kuma, kowace rana da ta wuce tana ƙara maka bashi na biyu a kan na farko, wato bashin gaskiya, kuma shi ya fi wuyar biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai ji, abin da ya rage a hannunka shi ne ko daga bakinka zai ji ko daga bakin wani. Da zarar lissafi ya fito, ka taka ka same shi. Ka ce: Yaya, kasuwancin ya rufe tun wata kaza, na ɓoye maka don kunya, wannan laifina ne. Ga abin da ya rage, ga abin da zan iya kawowa duk wata. Ka ba shi haƙuri a kan ɓoyewar daban, domin mai yiwuwa ita za ta fi yi masa zafi a kan kuɗin. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Ba ka san me ya hana kansa ba lokacin da ya ba ka, ko me ya tsara a kan dawowar kuɗin. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ku rubuta yarjejeniyarku, ba rashin yarda ba ne. Kafin ita akwai ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, sai dai wannan tasa ce ya yi aiki da ita, ba taka ba ce da za ka ja masa. In kana tsoron haɗuwar za ta ɓaci, ka tafi da wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa. Abu biyu nake roƙonka ka guje wa: kada ka ci sabon bashi don biyan wannan, kuma kada ka yi alƙawarin ranar da ba ka da tabbacinta don kawai ka ga fuskarsa ta sake. Ƙaramin adadi da ba ya fashi ya fi babban alƙawari.

Jagoranku ban san zuciyarsa ba, ta yiwu ya yi imani da abin da yake faɗa. Amma wanda ya yanke wa matarka hukunci bai taɓa jin ta bakinta ba, ya kuma kasa tambayarka ko lamba ɗaya daga lissafinka, ba shi ne zai fitar da kai daga wannan rami ba. Ka janye jikinka ba tare da rigima ba, in akwai kuɗin da ake biya ka daina. Idan akwai mutum ɗaya ko biyu a ciki da za ka iya gaya wa mummunan labari su zauna su ji, ka riƙe su.

Saura tambayar da ta fi zurfi. Ka raba kanka gida biyu, matsoraci da na bogi, ni kuwa ban yarda da ko ɗaya ba. Wanda ya yi shekaru yana tashi zuwa aikin da ba ya so don a ci a sha a gidansa, har ya tara abin jari, juriya gare shi. Taka-tsantsan ɗin da kake kira tsoro shi ne ya tara kuɗin. Wanda kuma ya koyi tsayuwa gaban jama'a, ya ajiye zaman banza, ya iya buɗe kasuwanci ya yi hulɗa da masu kaya da masu saye, shi ma kai ne, waɗannan abubuwa ba su rufe tare da shagon ba. Abin bogi guda ɗaya ne a labarinka, shi ne "lafiya lau" ɗin nan, kuma da ka yi magana da mutum biyun can ya ƙare.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani "ainihin ni" da ke ɓoye a ciki, wanda in an yi zurfin tunani za a tono shi. Ina ganin wannan ma wani madubin ne. Ɗan Adam bai iya karanta kansa yadda yake zato ba. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da rahoton yadda suka jera safa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi mafi kyau. Ta ƙarshen dama ce aka fi ɗauka, suka kuma kawo dalilai na laushi da inganci, kusan ba wanda ya yarda wurin da aka ajiye ta ne ya ja shi. In haka muke a kan safa, ina ga manyan al'amuran rayuwa? Shi ya sa na fi yarda da sanin kai da ke zuwa ta hanyar shaida, kai kuma yanzu kana da shaida mai yawa, an biya ta da tsada. Ka koma kan shekarun kasuwancin nan ka tambayi kanka: wane aiki ne in ina yinsa ba na sanin lokaci ya wuce? Wanne nake ta ɗagawa zuwa gobe? Me mutane suka fi zuwa wurina nema? Me na tsana a tsohon aikina, aikin ne kansa, ko shugaban, ko zaman wuri ɗaya? Ta yiwu ka gano kai gwanin jawo mai saye ne amma lissafi ba naka ba ne, wanda ke nufin abokin tarayya kake buƙata. Ta yiwu kuma ka gano ba kasuwanci kake so ba, gudun wancan ofishin kawai ka yi.

Ka yi wannan a rubuce. James Pennebaker ya nuna tun 1986 cewa mutanen da suka zauna minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, suna rubuta abin da ya dame su da yadda suka ji, sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Ba wani gagarumin magani ba ne, amma ba ya cin komai sai biro da takarda. Sannan ka zaɓi mutum biyu ko uku da suka san ka tun kafin ƙungiyar, ka tambaye su abin da suke ganin ka iya da inda suke ganin kana tuntuɓe. Akwai ɓangarorinka da su suka fi ka gani.

Game da abin yi, neman aikin albashi yanzu ba komawa baya ba ne, ko da irin wanda ka bari ne. Shi zai tsayar da gida ya fara rage bashi. In har bayan an samu sarari zuciyarka tana nan a kan kasuwanci, ka bi hanyar da matarka ta nuna tun farko, ƙarami, a gefe, da kuɗin da in sun tafi ba za a kwana da yunwa ba. Wata hanyar kuma ita ce ka yi aiki a ƙarƙashin wanda ya daɗe a irin sana'ar, ka ga yadda yake riƙe littafinsa. Duk wanda ka zaɓa, ga dabarar da Oettingen ta fitar daga bincikenta: ka faɗi abin da kake so wanda zai iya yiwuwa, ka ɗan hango daɗin samunsa, nan take kuma ka juya ka nemi abin da ke cikinka wanda zai hana ka, sannan ka yanke abin da za ka yi in ya taso. Kai ka riga ka san naka, gudun mummunan labari ne. Don haka shirinka zai iya zama: in na ji gabana ya faɗi a kan wani lissafi, ranar ba zan kwanta ba sai na nuna wa matata shi.

Rashin barcin nan kuma kada ka raina shi. Idan ya haɗu da rashin jin daɗin komai, ko rashin cin abinci, ko kasala, ko jin kai ba ka da amfani, kusan kullum har sati biyu ko fiye, wannan ya wuce damuwar yau da kullum, alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗa masa yadda ka faɗa min. In kuma tunanin cewa gara ba ka raye ya taɓa zuwa maka, ko sau ɗaya, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa matarka ko yayanka a ranar, ku tafi asibiti tare.

Ka sake rubuto min bayan ka zauna da su biyun, ina son jin yadda aka yi. Allah ya warware maka, ya hore maka abin biya, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.